Buhun Sukarin da Baba Ya Ɗinke

Azumin bana zai kama daidai inda ya kama a shekarar da aka sa mini rana: sanyi ya tattara nasa ya nasa ya tafi, zafi kuma ya fara gwada ƙarfinsa tun da hantsi. Masu lissafi sun ce sai watan ya yi shekara talatin da 'yan kai yana zagaye kafin ya komo mazauninsa. Ni ban lissafa ba, hancina ne ya gaya mini. Jiya da la'asar, a nan Gadarif inda gudun yaƙi ya ajiye mu, wata maƙwabciya ta ɗora kaskon hilu-mur a wuta, toyayyen ƙullun da ake jiƙawa a sha da azumi. Ƙamshin tsiron dawa da citta ya tsallako katanga, sai ga ni a tsakar gidanmu na Omdurman, budurwa, Inna tana ƙwala mini kira in kawo itace.

A lokacin, shekara ta biyu ke nan da sojoji suka karɓi mulki. Sun yanka wa komai farashi, sun ce duk ɗan kasuwar da ya ƙara ko ya ɓoye kaya, kotu za ta gama da shi kafin rana ta faɗi. 'Yan kasuwa kuwa ba su yi musu ba, kayan kawai suka ɓace. Kantin bakin layinmu ya koma ba komai a ciki sai gishiri da ashana da mai kantin yana korar ƙuda. Sukari da mai da sabulu sai da katin tamwin, wato rabon gwamnati, wanda kwamitin unguwa ke bayarwa gwargwadon kawunan gida. Ga damina ba ta yi kyau ba, dawa ta yi tsada. Burodi sai an yi sammako, kowa ya ajiye dutse ko tsohon gwangwani ya riƙe masa layi a ƙofar gidan gashi. Nawa dutsen ja ne mai tsaga a gefe, kuma na sha yin faɗa a kansa.

A cikin wannan hali dangin Usman suka sa rana, bayan ƙaramar Sallah. Makaniki ne a Alshajara, can tsallaken Farin Nilu, ni na zaɓe shi da kaina, kuma har yau ban yi da-na-sani ba. Sai dai al'adar garin ta ɗora wa uwar amarya wani kaya da ake kira moyat Ramadan, ruwan azumi. Kafin a ga wata, za ta aika wa gidan ango hilu-mur da zoɓo da tsamiya da dabino da kayan yaji, da sababbin jug da kofuna, a saman duka kuma buhun sukari. Kakanninmu ba su zo da wannan daga Hausa ba, a nan suka tarar, amma mun riƙe ta har mun fi masu ita. Uwar da ta aika ruwan azumi ba sukari, za a daɗe ana tauna sunanta a gidajen biki. Inna kuma mace ce da ta gwammace ta kwana da yunwa da a ce ta gaza.

Maƙwabciyarmu Hajja Kaltume ce ta samo dabara. Tsohuwa ce da ta taso a sansanin 'yan cirar auduga a Jazira, mijinta ya rasu, tana sayar da gyaɗa a ƙofar makaranta. Ba ta da wani jin daɗi a duniya sai shayi, shayin ma irin wanda sukari ke kwanta a gindin kofi ta bi shi da yatsa. Ita ce ta tara matan layi a ƙarƙashin rumfar Inna.

"Kowace ta rage rabin sukarin tamwin ɗinta ta kawo nan," in ji ta. "Daga yau har Sha'aban. Bana Nafisa, baɗi 'yar wata." Ta nuna ni da haɓa.

"Ya Hajja, ke za ki iya?" wata ta tambaya, aka kwashe da dariya.

"Ni da na ciri auduga da azumi a bakina? Halas, na gama magana. Nawa duka zan kawo."

Haka aka yi sanyin shekarar nan, lokacin da jiki ya fi neman shayi mai zaƙi. Da asuba iskar kogi ta shigo ta ƙarƙashin ƙofa, mu kewaye murhun gawayi, kowa da kofinsa da ƙwayar dabino ɗaya, a gatsa kaɗan a kurɓa. Ƙannena suna yamutsa fuska suna cewa aurena ya cuce su. Ranar rabo, mata su shigo ɗaya bayan ɗaya, wata da kofi, wata da ƙullin takarda, Inna ta juye a tsoffin gwangwanayen madara ta tura ƙarƙashin gado. Sukarin ma ba iri ɗaya ba ne. Wani watan a ba da fari tas, wani watan ja-ja mai danshi, wani mai manyan ƙwayoyi. Ina kallon hannun Hajja Kaltume ranar da ta fara kawo nata, sai da ta lashi abin da ya maƙale a yatsanta kafin ta juya. Na ji kunya, na kuma ji son tsohuwar nan har cikin raina.

Maza kuwa, tasu gudummawar gardama ce. Baba tela ne a kasuwar Omdurman, ya yi imani da ciniki kamar yadda ya yi imani da almakashinsa. Kawu Sale, ƙanen Inna, ya yi shekaru a masaƙar Bahri yana cikin ƙungiyar ma'aikata, har sojoji suka rushe ƙungiyar suka sallame shi. Duk unguwa Shuyu'i ake ce masa, ɗan kwaminis, ko da yake ba ya rasa sahun farko a masallaci. Tun da aka kore shi, a gidanmu yake karyawa.

"A sakar wa kasuwa mara," Baba zai ce yana hura shayinsa mai ɗaci. "Wallahi ranar da hukuma ta cire hannunta, za ka ga sukari ya fito daga ramukansa. Mai kaya ba mahaukaci ba ne da zai sayar a faɗi."

"Ya fito wa zai saya, ya Malam? Kai ko ni? Ba don katin nan ba, ɗan talaka ko warinsa ba zai ji ba. Rabo gaskiya ne, masu rabon ne ɓarayi."

"To ai ga shi sun raba ka da masaƙa."

"Waɗannan ba gwamnatin ma'aikata ba ce!"

"Kullum haka kuke cewa. Taku tana hanya, ta tsaya layin fetur."

Inna takan bar su har sai sun fara nuna juna da cokali, sannan ta ce wanda ya gama gyara ƙasa ya zo ya ɗauko mata ruwa, don famfo ya ɗauke tun jiya.

Da Rajab ya yi nisa aka shiga aikin hilu-mur. Muka jiƙa dawa, muka baza a kan buhunan algarara a inuwa, ina yayyafa mata ruwa safe da yamma har ta fito da jajayen tsiro. Aka shanya a rana, aka kai niƙa, aka dama da citta da kirfa da hulba da tsamiya, aka rufe a babbar roba ya kwana biyu yana tashi. Ranar tuya mata suka zo tun da hantsi. Ɗaya tana gaban kaskon ƙarfe tana shafa ƙullun da ɓallen kaba, siriri, ta naɗe shi idan ya yi duhu, ta miƙa. Idan hayaƙi ya ci idonta, wata ta karɓa. Zufa tana bin wuyanmu, yatsu suna ƙuna, ana ba'a ana tsokanata da sunan Usman. Da yamma tabarmi sun cika da naɗaɗɗen hilu-mur yana shan iska, duk layin yana ƙamshi.

Saura sukari. Inna ta jawo gwangwanaye daga ƙarƙashin gado, ta ce a jera su a kwali haka nan. Nan Baba ya miƙe.

"A gwangwanin madara? Surukai su ce tsintar sukari muka yi gida-gida?"

"To ba haka muka yi ba?" in ji Inna.

"Su ba sai sun sani ba."

Washegari ya dawo daga kasuwa da sabon buhu fil, da tambarin kamfani a jikinsa, wanda wani abokinsa ya adana. Ya juye gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya, fari a kan ja, ja a kan fari. Buhun bai cika ba, sai ya naɗe bakin da dabara, ya zauna da farin zare mai kauri ya yi masa irin ɗinkin sarƙa da injin kamfani ke yi. Wuni guda ya ɓata a kai. Da ya gama ya ja baya yana kallo, ya ce ko mai kamfanin ba zai bambance ba. Gaskiyarsa kuwa, don Baba bai taɓa yin ɗinki mai kyau irin wannan ba.

Amarya ba ta rakiyar kayanta, uwarta ma haka, don haka abin da ya faru a gada daga bakin Kawu Sale da Hajja Kaltume na ji shi, su ne suka tafi da wasu mata biyu a bayan boksi, 'yar motar ɗaukar kaya. A bakin gadar Farin Nilu sojoji suka tsayar da su. Ɗaya ya ɗaga zanen da aka rufa, ya ga buhu sabo da ɗinkin kamfani, ya kira na gaba da shi.

"Wannan daga wane sito?"

"Ya waladi, ɗana, ba sito," in ji Hajja Kaltume. "Ruwan azumi ne. Tamwin ɗinmu ne muka tara, mu matan layi. Farke ka gani, kala-kala ne."

"Tamwin ba ya zuwa a buhu ɗinkakke, ya Hajja."

"Uban yarinyar ne ya ɗinke, tela ne!"

Sojan ya shafa ɗinkin da yatsa ya yi dariya, ya ce in tela ne ya yi wannan, shi ma likita ne. Sai Kawu ya sauko ya fara bayani, wai wannan shi ne ainihin haɗin kan talakawa, jama'a sun tara da kansu sun raba da kansu, abin da ya kamata hukuma ta yi koyi da shi. Kalmar talakawa da haɗin kai ba su yi wa na gaban daɗi ba. Aka sauke buhun, aka zaunar da Kawu a rana a gefensa har la'asar, aka ce matan su wuce in ba su son kotu.

Hajja Kaltume ta ce ta yi niyyar juyowa gida, sai ta tuna ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Suka ƙarasa Alshajara, ta sauke kaya a gaban Hajja Asha, uwar Usman, ta faɗa mata komai, har da gwangwanayen madara da ɗinkin Baba. Hajja Asha doguwa ce marar yawan magana, ana shakkarta. Ta saurara, ta ce an gode, Allah ya sa albarka, ta ba da tukwici.

Da labari ya iso, Inna ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaki ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Baba ya zauna a kan kujerar keken ɗinkinsa yana ta murza hula, can ya ce, shi da kansa, garin neman gira an rasa ido. Kawu ya dawo da magariba fuska ta ƙone.

Aka ga wata. Zafin shekarar nan sai wanda ya gani. Wuta tana ɗaukewa tun da safe, mu jiƙa zannuwa mu lulluɓa, kafin a jima sun bushe ƙayau. Ƙasan tsakar gida ba ta takuwa da azahar. Ruwan randa kaɗai ke da sanyi, shi ma sai ka yi ta kallonsa kana haɗiyar busasshen yawu. Da yamma maza su shimfiɗa tabarmi a bakin titi kamar kullum, kowane gida ya fito da tirensa, a tare masu wucewa a ce sai sun sha ruwa. Jug ɗin hilu-mur na layinmu duk salam suke, ba zaƙi, baƙo ya kurɓa ya yi shiru don kunya.

Abin da ya fi cin Inna ba surukai ba ne, matan layi ne. Wata huɗu sun hana 'ya'yansu zaƙi saboda 'yarta, ga shi ya tafi a shayin sojoji. Babu wadda ta yi mata gori, sai ma sallama da suke aikowa, amma ta daina fita. In za ta je gidan niƙa sai ta bi ta bayan layi. Ta rame, abincin buɗa-baki ma sai ta taɓa ta ture. Ni kuma ga tawa damuwar: Usman, wanda ba ya kwana uku bai leƙo ba, ya ɗauke ƙafa ɗif. Na ce shi ke nan, uwarsa ta auna mu ta ga ba mu kai ba. Nakan shiga bayan ɗaki in yi kukana in wanke fuska, don kada in ƙara wa Inna.

Ranar da azumi ya raba tsakiya, bayan la'asar, ina tace tsamiya sai na ji sallamar mata a ƙofa. Hajja Asha ce a gaba, bayanta mata kusan goma, duk sun jiƙe da zufa, leɓɓansu sun bushe. Daga tashar bas suka tako da ƙafa. Abin da na fara lura da shi, tafiyarsu wata iri ce, kowace tob ɗinta, wato lulluɓinta, ya rinjaya gefe guda. Suna ɗauke da tirenmu da kwanukan da aka kai musu kaya, duk wayam.

Inna ta fito tana gyara ɗankwali. "Marhaban, ya Hajja. Da kanki, cikin wannan rana?"

"Zumunta a ƙafa take," in ji Hajja Asha. "Kawo mini babbar tasa."

Na kawo. Ta kama gefen tob ɗinta ta kwance wani ƙulli, sukari ya zubo. Ta kwance na biyu. Sai sauran matan suka matso. Wata ta ciro nata daga ƙarƙashin goyon jaririnta, wata daga cikin flas ɗin shayi, wata tsohuwa ta juya baya ta zaro safa guda cike daga ƙirjinta, aka fashe da dariya har da masu hawaye. Fari da ja-ja da mai manyan ƙwayoyi, irin namu sak.

"Sojan gada ya leƙo bas ya ga tsofaffi, ya ce mu wuce," in ji Hajja Asha. "Wannan na layinmu ne, tun daren farko muke sha ba zaƙi. Bai kai naku ba, ma'alesh, a yi haƙuri. Kuma ba naki ba ne, na matan da suka tara miki ne. Aika a kira su."

Inna ta tura ƙannena su kira su.

"Da buhun ya iso," Hajja Asha ta ci gaba, "da na ce ɗana ya shiga gidan masu sito, in yi ta jin tsoronku. Da Hajja Kaltume ta ce gwangwanin madara, na ce alhamdu lillahi, ƙwarya ce ta bi ƙwarya. Yarinyar da layi guda ya sha ɗaci dominta, ni ina so. Usman kuwa ni na hana shi zuwa, bakinsa ba ya riƙe magana." Sai ta ɗaga murya wajen ɗakin da Baba ya maƙale. "Malam tela, wannan karon a bar mana shi a buɗe!"

A nan ne Inna ta yi kukan da ta riƙe tun Sha'aban, ta rungume matar nan da ake shakka, su biyu suna tsaye a kan tasa. Matan layi suka shigo, aka raba da kofin shayi, kowace ta samu abin da ta samu. Da aka kira salla, a tsakar gidanmu baƙin suka sha ruwa, jug ɗin da ya fita waje ranar kuwa sai da maza suka yi ta tambayar daga wane gida.

Bayan an ci abinci Inna ta haɗa shayi da hannunta, ta zuba wa Hajja Kaltume cokali uku cike, ta miƙa mata da hannu biyu. Duk muka zuba ido. Tsohuwa ta yi bismilla, ta kurɓa, sai ta yamutsa fuska ta ajiye kofin.

"Wannan ai maɗi ne. Wa zai iya shan wannan?" Ta dube mu, ita ma abin ya ba ta mamaki. "Harshena ya manta, wallahi. Ba ni baƙi, da dabino."

Aka ɗaura aurenmu bayan Sallah. Kafin azumi na gaba, sojojin nan dai suka juya suka ce sun saki farashi, kowa ya sayar yadda ya ga dama. Maganar Baba ta tabbata, mako bai zagayo ba kantin bakin layi ya cika har rufi, buhunan sukari a jere a waje, ba mai tambayar daga wane sito. Maganar Kawu ma ta tabbata, don sai dai mu wuce mu kalla. Masu kawo wa Baba ɗinkin Sallah suka koma kawo tsofaffi a rage musu ko a yi faci. Na zo gida wata safiya na tarar da su biyun a gaban murhu, kowa da dabinonsa, ba mai nuna wani da cokali. Hajja Kaltume ta leƙo ta katanga da kofinta ta ce, "Ku yi ta jira, da mai kati da mai kasuwa. Ni na riga ku hutawa." A shekarar aka sa wa 'yar maƙwabta rana, Inna ce ta fara kai kofinta, ba a kuma sake barin Baba ya matso kusa ba.

Duk sun tafi yanzu, Allah ya jiƙansu: Inna da Baba da Kawu, da Hajja Asha wadda na yi jinya a ɗakina har ƙarshe. Hajja Kaltume ba ta sake sa sukari a shayi ba har ta koma ga Allah. Gidan namu na Omdurman ban san ko yana tsaye ba.

Maƙwabciyar da ke tuya jiya, daga Bahri ta gudo, ba mu fi gaisuwa ba. Na leƙa na ce mata sannu da hayaƙi, wannan hilu-mur ai ya fi na gida ɗaya. Ta ce 'yarta aka sa wa rana, ruwan azumi take haɗawa, sai ta ci gaba da shafa ƙullu. Ban tambaye ta sukari ba, na ga amsar a fuskarta. Na koma ɗaki na buɗe gwangwaninmu, na raba abin da ke ciki biyu, na ƙulle rabi a gefen tob ɗina. Usman yana kallona daga kan tabarma, gemu duk furfura. Ya miƙa hannu ya jawo robar dabino kusa da kofinsa.